Raddi ga Masu Cewa Durƙuson Gaisuwa Shirka Ne

Wata da'awa tana yawo a majalisun wa'azi daga Gwandu har Kalgo, cewa wanda ya tuɓe takalmi ya durƙusa gaban mahaifinsa, ko malaminsa, ko hakimi, ya yi shirka, domin ƙasƙantar da kai haƙƙin Allah ne shi kaɗai. Kishin tauhidin masu wannan magana abin yabo ne, amma sun cakuɗa abubuwa biyu da malaman usulu suka raba: ibada, wadda take tauƙifiyya, wato ba a yin ta sai da nassi, da kuma al'ada, wadda asalinta halacci ne har sai dalili ya hana.

Hujjarsu ta farko ita ce durƙuso ya yi kama da ruku'u da sujada. Amsa ita ce kamannin gaɓɓai kaɗai ba ya mayar da aiki ibada, sai an haɗa shi da ƙudurcewar zuciya cewa wanda aka rusuna wa ya cancanci bauta. Alƙur'ani ya ba da labarin sujadar mala'iku ga Annabi Adamu da ta 'yan'uwan Annabi Yusufu gare shi, alhali ba a taɓa halatta shirka a shari'ar wani annabi ba. Da siffar kanta shirka ce, da Allah bai umarci mala'iku da ita ba. Balle durƙuson Bahaushe, wanda zama ne a kan gwiwa ko tsugunno, goshi bai taɓa ƙasa ba.

Ta biyu, sun kawo hadisin Mu'azu ɗan Jabal, wanda ya dawo daga Sham ya yi wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sujada, aka hana shi. Hadisin ya tabbatar da haramcin sa goshi a ƙasa domin mutum, kuma wannan ba abin jayayya ba ne, amma Mu'azu hana shi aka yi, ba a ce ya sabunta kalmar shahada ba. Tsakanin haram da kafirci akwai tazara mai nisa, wadda a kanta auren mutum da gadonsa da sallar gawarsa suka rataya, don haka ba wurin gaggawa ba ne.

Ta uku, wadda ta fi jan hankalin mutanen ƙasar Gwandu, ita ce Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki hurwa, wato zuba ƙasa a ka yayin gaida sarki, a cikin Kitabul Farƙi. Haka ne, ya soke ta, kuma duk fadar da ke alfahari da gadon ƙanin Shehu, Malam Abdullahi, mai Liya'ul Hukkami, wanda ya rasu a 1829, ya wajaba ta nisanci wannan ɗabi'a. Sai dai Shehu ya jera ta ne tare da jangali da kuɗin gari cikin miyagun hanyoyin mulkin sarakunan da, kuma ba a san malamin da ya ce karɓar jangali bautar wanin Allah ce ba. Zalunci ne da girman kai.

Abin da ya rage musu shi ne hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito, mai hana sunkuyawa yayin gaisuwa. Da shi ne malamai suka karhanta ranƙwafawa, wasu suka haramta idan ta kai haddin ruku'u, don haka mai wa'azin da ya koyar da sallama da musafaha ya yi daidai. Hukuncin da hadisin bai ɗauka ba shi ne fitar da yarinyar da ta durƙusa ta miƙa wa kakarta ruwa daga Musulunci.