Wanda Ya Kama Ɗaki, Ya Biya Har da Kuɗin Sirrinsa

Gabatarwa

A kwanakin baya na yi wa wasu ɗalibaina jagora zuwa Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kabi, domin wani aikin nazari a bakin Kogin Kwara, wajejen Lolo. Tun kafin mu tashi, wani dillali ya samo mana ɗakuna uku a wani gida na kwana biyar, muka aika da rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami. Da muka isa, sai muka tarar ɗakin da aka ware wa ɗalibai mata ba shi da sakata ta ciki, tagarsa kuma ba labule. Washegari da muka dawo daga bakin kogi, sai ga alamun an shiga ɗakin an taɓa jakunkuna, ashe akwai wani makulli a hannun yaron maigidan. Da na ce za mu tashi, a maido mana da kuɗin kwanakin da suka rage, sai aka amsa mini da cewa kuɗi in ya shiga ba ya fita.

Ra'ayina a nan shi ne, duk wanda ya biya kuɗin ɗaki, ko da na dare ɗaya ne, ya biya har da kuɗin sirrinsa. Idan aka keta wannan sirri, to an hana shi abin da ya saya, kuma maido masa da kuɗinsa haƙƙi ne da ba ya bukatar roƙo.

Amanar fatoma

Saukar da baƙo don kuɗi tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suna ƙetare Kwara su ratsa ƙasar Bargu, a kowane babban zango kuwa akwai fatoma, wato mai masauki. Shi ke ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da masu saye. Jarin fatoma sunansa ne, domin ranar da aka ji ya buɗe ƙunshin baƙo, ko ya fallasa yawan kuɗinsa, ranar ayari zai sake masauki. Hatta ginin gidan Bahaushe, da zaurensa da shigifarsa, da al'adar sallama kafin a shiga, duk suna nuna cewa iyayenmu sun san darajar sutura.

A yau 'yan kasuwa da direbobi na bi ta Tsamiya zuwa Segbana a Jamhuriyar Benin, ma'aikata da ɗalibai na neman ɗakin 'yan kwanaki, sannan lokacin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, masauki kan yi wuya har magidanta su ba da hayar ɗakunansu. Abin da ya sauya shi ne, baƙo da mai masauki ba su san juna ba. Ta wayar salula ake ciniki, a tura kuɗi kafin a ga ɗaki, kuma ba wani madugu da zai tsawata.

Abin da kimiyya ta ce

Ya kai mai karatu, ka taɓa lura cewa ba ka yin barci mai nauyi a daren farko a baƙon wuri? A 2016 wasu masana a Jami'ar Brown ta Amurka sun auna ƙwaƙwalwar masu barci, suka gano cewa a daren farko ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ba ya nitsewa cikin barci kamar na dama, kuma ya fi saurin jin baƙon sauti. Wato jiki da kansa yana ajiye mai gadi. Babban abin da baƙo ke biya wa kuɗi shi ne natsuwar da za ta sa wannan mai gadi ya huta. Ɗakin da wani zai iya buɗewa ko leƙawa duk lokacin da ya ga dama bai ba da wannan natsuwa ba, komai kyan katifarsa.

Leƙe kuwa yanzu ya wuce na ramin makulli. A watan Maris na 2019 'yan sandan Koriya ta Kudu suka kama wasu mutane da suka ɓoye ƙananan kyamarori a ɗakuna 42 na masaukai 30, suka ɗauki hotunan baƙi kimanin 1,600, suna watsawa ta intanet ga masu biyan kuɗi. Faɗin idon kyamarar milimita ɗaya ne kawai, an cusa ta cikin soket na bango da akwatin talabijin. Kamfanin Airbnb, wanda ke haɗa masu gidaje da baƙi a duniya, ya haramta kowace irin kyamara a cikin gidan haya daga 30 ga Afrilu, 2024. Irin waɗannan na'urori sun yi arha, kuma kan iyaka ba ya tare su.

Akwai gwaji biyu da kowane ɗalibin sakandare zai iya yi. Na farko, ka kashe fitila, ka riƙe tocila kusa da idonka, ka haska agogon bango da soket da kan fitila da duk wani ƙaramin rami da ke fuskantar gado ko makewayi. Gilashin idon kyamara yana maido da haske zuwa inda ya fito, kamar yadda idon kyanwa ke ƙyalli da dare saboda wani shimfiɗi mai maido da haske da ke bayan idonta. Na biyu, idon ɗan Adam yana ganin hasken da tsawon zangonsa ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700 ne kawai. Kyamarar da ke gani cikin duhu tana amfani da hasken infared, mai nanomita 850 ko 940, wanda ya fi ƙarfin idonmu amma kyamarar waya kan iya kama shi. Ka fara jarrabawa da rimot na talabijin: ka nuna shi ga kyamarar wayarka ka danna, za ka ga ɗigon haske a fuskar wayar. In kyamarar baya ba ta nuna ba, ka gwada ta gaba. Daga nan sai ka zagaya ɗakin da ita cikin duhu. Waɗannan gwaje-gwaje ba sa kama kowace na'ura, amma rigakafi ya fi magani.

Abin da doka ta ce

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba da kariya ga sirrin ɗan ƙasa da gidansa da saƙonninsa. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce a sashe na 120 mai saye yana da ikon fasa abin da ya kama tun kafin lokaci, sai dai a cire masa wani abu daidai misali. Sashe na 130 kuma ya ce idan hidimar da aka yi ba ta kai yadda ake sa rai ba, sai a gyara ko a maido da kaso na kuɗin gwargwadon gazawar. A 2022 Babbar Kotun Jihar Inugu ta yanke hukunci a kan wani kamfanin motocin haya cewa ƙa'idarsa ta ƙin maido da kuɗi ta saɓa wa wannan doka. Sannan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta shafi hoton katin shaida da lambar waya da mai masauki ke karɓa. Sai dai a tuna, da zarar an ƙetare zuwa Segbana, dokar Benin ce ke aiki, don haka shaidar da ke hannun baƙo ta ƙara muhimmanci.

Mai masauki ma yana da haƙƙi

Wani zai ce, ai a garin kan iyaka, cikin halin tsaron da ake ciki, dole mai gida ya san wanda ya sauka a gidansa. Wannan gaskiya ce. Ya rubuta sunan baƙo, ya duba katinsa, ya kafa kyamara a ƙofar waje in ya so, amma ya sanar tun farko. Haka kuma baƙon da ya fasa zuwa a ranar ƙarshe, bayan an mayar da wasu saboda shi, bai kamata ya nemi dukan kuɗinsa ba. Iyakar ita ce bakin ƙofar ɗaki: daga nan zuwa ciki, ba shiga sai da sallama da izini.

Kammalawa

Mu dai ba mu sami kuɗinmu ba sai da wani dattijon unguwa ya sa baki, aka maido da rabi. Laifina ne da na tura kuɗi ba tare da rubutu ba. Saboda haka ina ba malamai masu fita da ɗalibai shawara, kafin a biya kafin alƙalami a rubuta abu huɗu, ko da a saƙon waya ne: adadin kuɗi da kwanaki, wa ke riƙe da makulli, ko akwai kyamara a gidan, da abin da za a maido in an fasa. In an ga abin da bai dace ba, a ɗauki hotonsa kafin a taɓa, a kira shaida, a kai ƙara ga mai unguwa ko 'yan sanda. Masu masauki kuma su dubi fatoman da, wanda ya san cewa baƙo raɓa ne, gobe zai tafi, amma labarin da zai kai gaba shi ke kawo wani baƙon ko ya kore shi. Allah ya sa mu kasance masu riƙon amana.