Ƙofar da Mai Gaskiya Kaɗai Take Hanawa Shiga

Ɗan yayata shekararsa 12 da 'yan watanni. A Boɗinga yake zaune, abokinsa kuma iyayensa sun koma da shi Shagari. Babansa da ke fatauci ya sayo masa na'urar gem ta hannu, aka haɗa ta da intanet ɗin waya, yaran biyu suka sa ranar da za su kara a wasan ƙwallo kowa daga ɗakinsu. Da aka tambaye shi ranar haihuwa, ya ɗauko takardarsa ya kwafe abin da ke ciki. Nan take aka rufe masa wasa da kowa ta intanet. Abokin nasa, wanda ya girme shi da wata huɗu kacal, ya rubuta shekara 30, aka buɗe masa komai. Da na je gidan, yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, mi ne laihina? Gaskiya fa na faɗi." Na rasa amsar ba shi, kuma rashin amsar ne ya sa ni wannan rubutu.

Kada wani ya ce ina so a sakar wa yara intanet. Na san abin da ke cikinta. A irin waɗannan wasanni yaro yana sa abin magana a kunne, ya yi hira da ƙaton da bai taɓa gani ba, ya sha zagi, wani lokaci a yaudare shi. Akwai kuma akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi ba a san abin da za a samu ba, waɗanda hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce caca ne tun 2018. A Disambar 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 a Amurka kan tattara bayanan yara da dabarun cirar kuɗin 'yan wasa ba da son ransu ba. A Yunin 2023 Microsoft ya biya dala miliyan 20 kan bayanan yara a Xbox. Haɗarin gaskiya ne. Tambayata ita ce: wannan shinge, wa yake karewa a ƙasar Sakkwato?

Asalinsa dokar Amurka ce ta 1998 da ta hana karɓar bayanan yaro ɗan ƙasa da shekara 13 sai da iznin iyaye. Kamfanoni suka gina tsarinsu a kanta: babba ya buɗe asusu da imel ɗinsa, ya rataya na yaron a ƙarƙashinsa, ya zaɓi abin da za a bar shi ya yi. Tsarin yana da kyau a gidan da aka yi shi dominsa, inda uba ke da imel da katin banki, yana karanta Turanci, kuma ƙasarsa tana cikin jerin da ake zaɓa. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Sony ke buɗe wa asusun PlayStation. Duniya ta ga haka a Mayun 2024, lokacin da aka ce sai da wannan asusu za a buga Helldivers 2 a kwamfuta, aka janye wasan daga kasuwa a ƙasashe fiye da 170, sai da 'yan wasa suka yi ca kafin a soke sharaɗin. Ke nan uban da ya zauna zai bi ƙa'ida, ƙarya ce matakinsa na farko: ya ce shi mutumin Landan ne ko Afirka ta Kudu. Wanda aka tilasta wa ƙarya kan garinsu, me zai hana shi ƙara wa ɗansa shekara goma?

Sannan mu dubi inda yaranmu suke buga gem da gaske. Kaɗan ne ke da na'ura a gida. Yawancinsu shago suke zuwa, su biya kuɗin wasa, su zauna a benci ana jin ƙarar janareta. Asusun da ke kan na'urar na mai shago ne, babba ne, komai a buɗe. Ɗan shekara 9 zai iya zama gaban GTA V, wasan da hukumar PEGI ta Turai ta rubuta wa lamba 18 ɓaro-ɓaro a jikin kwalinsa, ba wanda zai tambaye shi komai. Shi kuwa yaron da ke zaune a tsakar gida, uwarsa na ganinsa, yana neman buga ƙwallo da abokin da suka yi makarantar allo tare, shi ne aka kulle. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne darasin da ke ciki. A Sifawa, cikin wannan ƙaramar hukuma ta Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Muna alfahari da wannan gado, muna horon yara da cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Sai ga na'ura tana nuna musu kullum cewa mai gaskiya a waje yake kwana. Yaron da ya koyi sauya shekara don gem, shi ne gobe zai sauya ta a takardar neman aiki ba tare da gabansa ya faɗi ba.

Wasu za su ce a tsananta, a yi irin na Sin, wadda a Agustan 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da na hutu. Sin ta iya haka ne don kowane asusu yana ɗaure da katin shaidar mai shi. A nan, yara nawa ne a ƙauyukan Shagari ke da takardar haihuwa a hannu? Tsanantawa za ta ƙara yawan masu ƙarya ne kawai.

Ga abin da nake nema. Kamfanonin da na'urorinsu suka cika kasuwanninmu su sa Najeriya a jerinsu, su raba wasa da abokin da iyaye suka sani daga hira da baƙo, don ba abu ɗaya ba ne. Dokar kare bayanai ta 2023 ta shar'anta iznin iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro; hukumar da ke kula da ita ta matsa a samar da hanyar ba da wannan izni da lambar waya, cikin harshen da uba ke ji. Masu shagunan gem su dubi lambar da ke jikin kwali kafin su miƙa wa yaro abin bugawa.

Mu kuma manya mu daina tsayawa daga nesa muna cewa gem shiririta ce. Ko mun so ko mun ƙi, yaran suna ciki. Yaya ko kawu da ya iya waya ya zauna da su, ya san da wa suke wasa, ya kashe hirar baƙi, ya sa lokacin tashi. Ɗan yayata har yau bai sauya shekararsa ba. Ranar Juma'a idan an sauko masallaci, yakan hau mota zuwa Shagari da na'urarsa a jaka.