Gwajin Dacewar Jiki: A Rubuta Sunansa, A Rubuta Kuɗinsa

Duk gidan da ciwon ƙoda ya shiga, daga Gashuwa zuwa Haɗejiya, an san ranar da likita zai ce wankin ƙoda ba zai ɗore ba, a tattaro 'yan uwa a gwada su ko za a samu mai ba da tasa. A kan gwajin nan za mu yi magana yau, musamman takardar kuɗin da ake miƙa wa mutane a kansa.

Allah ya sa wa ƙwayoyin jikin kowa wata shaida da likitoci ke kira HLA, wadda da ita garkuwar jiki ke bambance nata da baƙo. Rabi mutum ya gada daga uwa, rabi daga uba. Shi ya sa tsakanin shaƙiƙai biyu damar dacewa gaba ɗaya kashi 25 ne cikin 100, tsakanin 'yan uba kuwa ta ragu ƙwarai, komai yawan ɗakunan gidan. Dashen ƙodar farko da ya yi nasara, a Boston ta Amurka a 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi. Dashen ɓargo ga mai sikila, irin wanda aka fara yi a ƙasar nan a birnin Benin a 2011, ya fi na ƙoda buƙatar dacewa ta ƙut da ƙut.

To, a Amurka gwajin nan yana da lambobinsa a kundin da asibitoci ke cajin kamfanonin inshora da shi, daga 81370 zuwa 81383. Lamba 81370 gwaji ne na sama-sama, 81378 kuwa mai zurfi ne. Tsarin lafiyarsu na da nasa tsadar da nasa rigingimun, amma wanda ya biya yana iya duba takarda ya san abin da aka yi masa.

Mu kuwa fa? Magidanci ya sayar da gona, ya kawo ƙannensa, an ɗebi jini, sai a miƙa masa rasit da layi ɗaya: kuɗin gwaje-gwaje. Wane gwaji? Na mutum nawa? A nan aka yi shi ko waje aka aika da jinin? An haɗa da gwajin gauraya jinin mai bayarwa da na mai karɓa, wanda ake maimaitawa daf da aiki, ko shi ma sai an sake biya? Rasit bai faɗa ba. Kuɗin gwaje-gwaje, shi ke nan! Wannan dunƙulallen rasit shi ne matsalar. Da shi ba za ka kwatanta farashin asibiti biyu ba. Da shi wani likitan ba zai san zurfin gwajin da aka yi ba, sai ya ce a sake. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga tsarin, amma wace inshora ce za ta biya abin da ba shi da suna, ba shi da lamba? Don Allah masu rubuta rasit, ku warware shi: sunan gwaji, lambarsa, kuɗinsa, kowane mutum da layinsa.

Sannan akwai ranar da sakamako ya fito. Sau da yawa a gaban dangi ake faɗin wanda ya dace, sai idanu su koma kan ƙaramar ƙanwa ko ɗan autan gida, wanda kunya ba za ta bar shi ya ce wa yaya a'a ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana cinikin sassan jiki, amma tilascin da ke zuwa ta hanyar nauyin zumunci ba ya barin shaidar da za a kai kotu. Don haka ya kamata likita ya kira mai bayarwa shi kaɗai, ya rufe ƙofa, ya faɗa masa sakamakon da haɗarin aikin, ya ji amsarsa daga bakinsa kafin kowa a gidan ya sani.