Gwajin da Aka Riga Aka San Sakamakonsa

A makarantun koyon zane na Ingila, ɗalibin da ya kammala sakandare yakan yi shekara guda ta share fage kafin ya nemi gurbin digiri. Makonnin farko na wannan shekara sun shahara da atisaye masu ɗaure kai. A ɗaura wa ɗalibi gawayi a bakin doguwar sanda, a ce ya zana mutumin da ke tsaye gabansa a takardar da aka shimfiɗa a ƙasa. A ce ya yi zane da hannun da bai saba da shi ba, ko ya zana fuskar abokinsa alhali an hana shi duban takardar. Yaron da ya taso ana yaba masa iya kamanta hoto sai ya koma gida da baƙin gawayi har gwiwar hannu, yana zullumin ko dama can bai iya komai ba.

Iyaye da masu kallo daga nesa sukan ce wasan yara ne. Sun yi kuskure, amma nasu mai sauƙi ne. Babban laifin yana wuyan makarantun da suka gaji atisayen suka yar da dalilinsa.

Dalilin kuwa yana da tarihi. An kafa makarantar Bauhaus a garin Weimar na Jamus a 1919, kuma Johannes Itten ne ya tsara darasin share fagenta. Yakan fara da motsa jiki da daidaita numfashi, sannan ya sa ɗalibai su gwama abu mai kaushi da mai santsi, mai nauyi da marar nauyi. Abin da ake gudu a lokacin shi ne tsohon tsarin da ɗalibi ke shafe shekaru yana kwaikwayon gumakan Girkawa da Rumawa. Da Itten ya tafi a 1923, László Moholy-Nagy da Josef Albers suka karɓi darasin.

Wani ɗalibin Albers, Hannes Beckmann, ya ba da labarin ranarsu ta farko. Malamin ya shigo da tarin jaridu ya raba musu, ya tuna musu cewa su matalauta ne, ba su da kayan da za su yi almubazzaranci da su. Ya nemi su fitar da wani abu daga takardar, su girmama halinta, kuma in da hali su yi ba almakashi ba gam. Sai ya fita. Bayan sa'o'i ya dawo ya tarar da jiragen ruwa da dabbobi da gine-ginen takarda, ya ce duk aikin ƴan rabin aji ne, domin da wani abin aka yi su da sun fi kyau. Wanda ya yaba shi ne aikin wani saurayi da ya ninke jarida sau ɗaya kawai har ta tsaya da kanta, abin da takarda a kwance ba ta iya yi. A lura da kyau: Albers ya dawo, ya yanke hukunci, ya faɗi hujjarsa. Rabin darasin yana cikin wannan dawowar.

Tsarin ya isa Ingila a shekarun 1950 ta hannun irin su Victor Pasmore da Richard Hamilton a Newcastle, da Harry Thubron a Leeds. Rahoton kwamitin William Coldstream na 1960 ya mayar da shekarar share fage sharaɗin shiga babban karatun zane. Daga ranar da gwaji ya zama ƙofar shiga, sai ya zama abin da ake nunawa don a samu maki.

Ɗalibin yau yana fara karatu a Satumba, kafin Janairu ya ƙare dole ya miƙa takardar neman jami'a, ga kundin ayyukan da zai nuna yana jiransa. Masu ba da maki suna son shaidar cewa ya yi gwaje-gwaje. Mai wayo yakan gano lagon cikin mako biyu: ya ɗauki hoton kowane dagwalgwalo, ya liƙa a littafinsa, ya rubuta a gefe cewa yana bincike. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mai kwaikwayon gunki aƙalla ya san kwaikwayo yake yi, shi kuwa wannan yana kwaikwayon ƴanci ne, ana kuma tafa masa.

Masu kare wannan hali sukan ce bayani yana ɓata atisaye, wai ɗalibi ya gano da kansa. A yarda da su kafin a fara aikin. Bayan an gama fa? Sandar nan tana hana ɗalibi sassaƙar gashin ido tun bai daidaita tsayuwar jiki ba, tana ɗauke zanen daga wuyan hannu ta mayar da shi kafaɗa. Hana duban takarda kuma yana tilasta ido ya bi abin da ke gabansa a hankali, maimakon hannu ya zano siffar hanci da ya haddace tun yana firamare. Faɗin wannan ba ya cin minti biyar. Malamin da ya zagaya ya ce wa kowane aiki yana da ban sha'awa ya wuce, ya tauye ɗalibi, kuma wanda ya fi cutuwa shi ne yaron da ba shi da wanda ya san harkar a gida, domin yakan ɗauki shirun malami a matsayin hukunci kan baiwarsa.

Makarantar da za ta ci gaba da raba sanduna da gawayi, to ta ware lokacin da malami zai tsaya kan kowace takarda ya ce wannan ya yi, wancan bai yi ba, ga dalili, sannan ɗalibin ya ajiye sandar ya sake zanen a ga abin da ya canza. Wadda ba ta da malaman da za su yi haka, ta cire kalmar gwaji daga takardar ba da maki.