RA'AYI: Ɗakin Taro Da Zafin Yola

Duk ɗan Adamawa mazaunin Ikko ya san gidan Majalisar Birni da ke titin Catholic Mission. An gama shi cikin 1968, ginin kankare ne miƙaƙƙe ba zayyana, irin wanda aka yi yayi bayan samun mulkin kai. Gobara ta taɓa cinsa, amma ba a rushe shi ba, sai aka gyara shi zamanin Gwamna Fashola.

To, a gida fa? Tun da Modibbo Adama ya kafa Yola cikin 1841, ɗakin taron jama'a shi ne zauren fada. Mutumin Bako in yana da kuka, ƙofar Lamiɗo yakan nufa. Bayan Turawa sun ci garin cikin 1901, harkar mulki da ciniki ta yi ta komawa Jimeta, bakin Binuwai, inda jiragen ruwa ke tsayawa. Cikin 1976 aka kafa Jihar Gongola, aka kuma kawar da En'e, sai sakatariya da ofisoshin kankare suka tashi a can.

Lalle maginan wancan zamani sun san rana. Sukan juya dogon gefen gini ya fuskanci kudu da arewa, don kada hantsi da la'asar su bugi tagogi. Sukan fito da rufi waje ya yi inuwa, su sa baranda, su jera tubali mai huji iska ta ratsa. Ba baƙon abu ba ne, aikin da zaure mai kaurin bango da ƙofa biyu yake yi ke nan tun kaka da kakanni. A garin da zafi kan haura digiri 40 cikin Maris da Afrilu, wannan ba ƙaramar dabara ba ce.

Abin takaici, yau gilashi ake yayi. Gilashi kuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, ita ma sai da wuta. Da an ɗauke wuta taro ya watse, dattawa su koma gindin bishiya.

Saboda haka ana kira ga ƙungiyoyin 'yan gida na Agege, da Sabo ta Badun, da Fatakwal: in an zo karɓar gudunmawar ginin ɗakin taro, a nemi ganin zanen tukuna. A tambayi mai zane ina tagogi suka fuskanta, kuma mutum nawa za su iya zama ciki da azahar in babu janareta. Hukuma kuma ta ƙidaya gine-ginen zamanin Gongola da suka rage a Jimeta, ta fara da gyaran rufinsu kafin damina.