Ba Apple ne ya haifi podkas ba

Matasa da yawa sun ɗauka kamfanin Apple ne ya ƙirƙiro podkas, wato shirin sauti da ake saurare ta intanet. Ni kam ban yarda ba.

Tun 2001 Dave Winer, wani mai rubuta manhaja a Amurka, ya samar da hanyar liƙa sauti a tsarin RSS na isar da sabbin abubuwa ta intanet, yadda sabon shiri zai sauko wa mai saurare da kansa. A 2003 ɗan jarida Christopher Lydon ya riƙa sakin hirarrakinsa ta wannan hanya daga Jami'ar Harvard. Babu tasha, babu lasisi, babu maigidan da zai ce a yanke nan. Wannan ne ya fi burge ni.

Sai a Yunin 2005 Apple ya saka podkas cikin manhajarsa ta iTunes, bayan wasu sun gama share gona. Yabon na Winer da Lydon ne.