Gubar tabki tana cikin laka

Idan aka tambayi uwaye abin da suke tsoro game da tabkunan da ke cikin garuruwanmu, amsa biyu ake samu: kada yaro ya nutse, kada sauro ya yi yawa. Duka gaskiya ne. Amma a ganina akwai haɗari na ukku wanda ba mu cika zancensa ba, shi ne lakar da ke kwance ƙarƙashin ruwan.

Kowane ruwan sama da ya wanke gari, tabki yake nufa. Yana ɗauke da baƙin mai daga garejin makanikai, da ruwan batir ɗin da aka fasa don a ciro dalma, da fenti, da tokar bola, da abin da masana'antu suka zubar. Ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyom da kuromiyom ba su daɗewa a saman ruwa. Suna manne wa yumɓu da ruɓaɓɓen ganye, su sauka ƙasa su kwanta. Ba su ruɓewa, tafasa ruwa ba ta kashe su, kuma kowace damina tana ƙara wani shimfiɗi a kan na bara. Shi ya sa ruwa kan yi garau a ido alhali lakarsa cike take da guba.

Maƙwabtanmu na Kano sun riga mu gani. Majemun zamani na Sharaɗa da Challawa da Bompai suna jima da kuromiyom, saɓanin majemanmu na gargajiya da ke amfani da bagaruwa. Masu bincike sun sha samun waɗannan ƙarafa a kogin Challawa da na Jakara, inda manoman rani ke ban ruwa. Masana'antunmu ba su kai nasu yawa ba, amma wanda ya san Gunti Yena a Yamai ya san yadda ruwan ƙazanta ke ratsa garake kafin ya faɗa kogi.

Ga kuma ruwan masai da na sabulu da kashin dabbobi. Su taki ne, kuma idan taki ya yi wa tabki yawa, gansakuka da kainuwa sukan rufe shi. In sun mutu sun ruɓe, sai su cinye iskar da kifi ke shaƙa, ruwa ya yi wari. Wani ɓangare na wannan taki yana zama cikin laka, ya riƙa komowa ruwa shekara da shekaru.

Mu dubi abin da muke yi da wannan laka. Da rani, in tabki ya ƙafe, ana haƙarta a buga tubali, ana kwasarta a zuba a garkar salati, hunturu kuma ya kwashi ƙurarta zuwa gidaje da makarantu. Yara suna wasa a ciki, suna kamun tarwaɗa, kifin da rayuwarsa duka a laka take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma a jinin yaro da aka san ba shi da illa. Tana rage kaifin ƙwaƙwalwa da natsuwa, sau da yawa ba tare da alamar ciwo ba, sai malami ya ɗauka ƙyuya ce. A Zamfara, a 2010, ƙurar duwatsun zinariya mai dalma ta kashe yara fiye da 400, kuma sai da aka kankare ƙasar gidaje kafin magani ya yi amfani.

Ban ce a cike tabkuna ba. Su ne ke tare ambaliya, su shayar da dabbobi. Ban kuma ce duk tabki gurɓatacce ne ba. Abin da nake cewa, a auna. Muna da jami'o'i a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ƙungiyoyin uwayen ɗalibai su nemi magajin gari ya sa a ɗebi lakar tabkunan da ke kusa da makarantu a gwada, a faɗa wa jama'a sakamako da Hausa a rediyo.

Kafin nan, malamai su koya wa yara wanke hannu da sabulu bayan wasan ƙasa, uwaye su hana su shiga tabkin da magudanar gareji ko majema ke zuba a ciki, masu fasa batir kuma a nema musu wuri nesa da hanyar ruwa. Rigakafin nan bai kai kuɗin jinyar yaro guda ba.